Kwandala mai ruwan zinare: me ya sa masu tara tsofaffin kuɗi ke tsuke mata fuska? 🧵

1/ A intanet ana yawan tallar kwandaloli masu ƙyalli. Wata an wanke ta da ruwan zinare, wata an yi mata fenti da tuta, an saka a ɗan akwati har da takardar shaida. Mai saye yana ganin ya yi ajiya. Amma kai wa wanda ya daɗe a harkar, zai juya ta sau ɗaya ya ce an lalata ta. Ƙyamar nan tana da tarihi. Ku biyo ni.

2/ Amurka, 1883. Gwamnati ta fitar da sabuwar kwandalar senti 5, zanen Charles Barber. A gaba kan wata mace, a baya ƙaton harafin V, wato biyar a lambar Romawa. Biyar ɗin me? Ba a rubuta ba. Babu kalmar senti ko'ina a jikinta.

3/ Ga shi kuma faɗinta kusan ɗaya da kwandalar zinare ta dala 5, duk wajen milimita 21. 'Yan damfara ba su ɓata lokaci ba. Suka riƙa yi mata ruwan zinare, wasu har su goge gefenta su fitar da tsaga-tsaga irin na kuɗin zinare. Senti 5 ta zama dala 5. Ninki ɗari kenan fa, jama'a.

4/ Cikin shekarar aka gyara zanen, aka ƙara kalmar senti a ƙasa. Amma sama da miliyan 5 sun riga sun fita. Mutane suka yi ta ɓoye su, wai za su yi tsada nan gaba. Da yake kowa ya ɓoye, yau mai kuskuren ta fi gyararriyar araha. 😂

5/ Akwai labarin da ake yawan bayarwa na wani Josh Tatum, kurma kuma bebe. Wai zai sayi sigari na senti 5, ya ajiye kwandalar, a ba shi canjin dala 4 da senti 95, ya yi gaba. Wai kotu ta sake shi tunda bai taɓa cewa dala 5 ce ba. Labari ne mai daɗi, amma masu bincike ba su samu takardar shari'ar ba, kuma sai bayan shekaru da yawa ya ɓulla.

6/ Abin dariyar: yanzu waɗannan na damfarar sun zama abin nema, saboda tarihinsu. Don haka wasu ke samo tsohuwar 1883 su yi mata ruwan zinare yau, su sayar a matsayin ta wancan zamani. Jabun jabu kenan. Masu ido kan duba: in zinaren ya hau kan zanen da ya riga ya suɗe, to daga baya aka shafa, don 'yan damfarar farko sababbi fil suka yi wa.

7/ Dabarar ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. A birnin Atens na ƙasar Girka, wajen shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yaƙi da Sparta ya ƙarar da azurfa, sai hukuma da kanta ta buga kuɗin tagulla ta lulluɓe da azurfa. A 375 kuma suka yi doka: wani bawan gwamnati ya zauna a kasuwa yana gwada kuɗi, wanda cikinsa tagulla ne ko darma a sare shi a ƙwace.

8/ Sarki Henry na 8 na Ingila ma ya taɓa. Daga 1544 ya yi ta rage azurfar kuɗinsa yana ƙara jan ƙarfe. In kwandalar ta sha hannu, hancin hotonsa ne ke fara yin ja, har aka yi masa laƙabi da mai jan hanci.

9/ Mu dawo Amurka, 1943. Ana buƙatar jan ƙarfe a yaƙin duniya na biyu, sai aka buga senti 1 da baƙin ƙarfe mai ruwan tutiya. Wannan shafe ne na gwamnati, masu tarawa suna son ta. Amma da ta fara tsatsa, 'yan kasuwa suka riƙa sake mata ruwa don ta yi ƙyalli. Ita wannan, duk kyanta, lalatacciya ce a wurinsu.

10/ A shekarar, 'yan ƙalilan sun fita da jan ƙarfe bisa kuskure. An sayar da ɗaya dala miliyan 1.7 a 2010. Kun san abin da ya biyo baya: aka yi ta shafa wa na baƙin ƙarfe ruwan jan ƙarfe. Maganaɗisu kaɗai ya isa ya tona asiri. In ta manne, ba ita ba ce.

11/ Kun lura? Shafen kansa ba shi ne laifi ba. Senti 1 ta Amurka tun 1982 tutiya ce da ruwan jan ƙarfe. Feni 1 da 2 na Ingila tun 1992 ƙarfe ne da aka shafe. Babu mai ƙorafi. Tambayar masu tarawa ita ce: wa ya shafa, a gidan buga kuɗi ko bayan ta fito?

12/ Shi ya sa suke jin haushin abin da aka yi da kwandalolin senti 25 na jihohi 50, waɗanda Amurka ta buga daga 1999 zuwa 2008. Kamfanoni masu zaman kansu suka yi musu ruwan zinare ko fenti, suka tallata a talabijin da tsada. Zinaren bai kai a kankare a auna ba. PCGS da NGC, manyan masu tantance kwandala, ba sa ba irinsu maki na ƙa'ida. Je ka sayar, da ƙyar ka wuce senti 25 ɗinka.

13/ A nan ni ina tare da su ɗari bisa ɗari. Mai son abin ado ya saya, kuɗinsa ne. Amma a sayar wa dattijo abu da sunan jarin jikoki alhali an san ba zai dawo da kuɗinsa ba, wannan cuta ce. Duk wadda ta taɓa kai sarƙa mai ruwan zinare wajen masu awo ta san zancen.

14/ Sai Kanada ta rikita lissafin. A 2004 ta fitar da senti 25 mai jan fure a tsakiya, furen tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, kusan guda miliyan 30. Ita ce kwandala mai launi ta farko a duniya da aka yi don kashewa a kasuwa. Baƙuwa ce har wasu 'yan kwangilar sojin Amurka da suka je Kanada suka kai rahoto wai akwai na'urar leƙen asiri a jikinta. A 2007 aka gano fenti ne da abin kare shi kawai. 💀

15/ Daga nan bakin masu tarawa ya rabu biyu. 'Yan mazan jiya suna cewa gwanintar kwandala a sassaƙa take, mai zanen kirki da ƙarfe zalla yake fitar da haske da inuwa, fenti kuwa sitika ce. Sun kuma nuna yadda jan furen 2004 ya riƙa gogewa a aljihu. Ɗaya ɓangaren suka ce launi ne ya sa yara suka fara duba canjin da aka ba su, kuma harkar da babu matasa a ciki mutuwa za ta yi.

16/ Ni dai sassaƙa ta fi burge ni, amma kasuwa ba ta tambaye ni ba. Ostireliya ta buga dala 2 mai jan fure a 2012, wajen guda dubu 500 kacal, yau ana sayenta ninkin-ba-ninkin kuɗin da ke rubuce a jikinta. Amurka da ta daɗe tana ja da baya, ita ma a 2020 ta fitar da masu launi na farko, na tunawa da gwarazan ƙwallon kwando.