Layin da Ya Raba Maƙwabta: Tarihin Shata Iyakokin Mazaɓu da Matsayin Kotu

Gabatarwa

Wanda ya shata iyakar mazaɓa yakan san wanda zai ci zaɓe tun kafin a jefa ƙuri'a. A wannan maƙala za mu duba yadda aka yi amfani da iyaka wajen danne wata al'umma, da yadda kotu ta zama mafaka, sa'annan mu waiwayo gida Kudancin Kaduna.

Misali daga Amurka

A shekarar 1957 majalisar jihar Alabama ta sake shata iyakar garin Taskigi. Garin da a da yake da kusurwa huɗu sai ya koma mai gefe 28. Da wannan dabara aka fitar da kusan dukkan baƙaƙen fata masu zaɓe, su kimanin 400, daga cikin garin, ba tare da an fitar da farar fata ko ɗaya ba. Wani malami mai suna Charles Gomillion ya kai ƙara, kuma a 1960 Kotun Ƙoli ta yanke cewa shata iyaka don hana wani jinsi zaɓe ya saɓa wa tsarin mulki.

Yadda Abin Yake a Gida

A wajenmu launin fata ba shi ne matsalar ba, ƙabila da addini su ne. Tun zamanin Turawa al'ummomin Kudancin Zariya suke kokawa da zama ƙarƙashin hakiman da ake turo musu. Hukumar Willink ta saurari irin waɗannan koke-koke, amma a rahotonta na 1958 ba ta goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba. Daga baya sojoji suka karɓi alƙalamin. Gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, ta Abacha kuma ta cire Kagarko daga Kachiya a 1996, ko da yake su biyun suna tarayya a kujera ɗaya ta Majalisar Wakilai. Dokokin soja sukan hana kotu sauraron ƙorafi, don haka wanda ya ga an kware shi ba shi da wurin kai kuka. Jinin da aka zubar a Jos bayan zaɓen ƙananan hukumomi na Nuwamban 2008 ya nuna mana inda irin wannan ƙulli yake kai jama'a.

Ƙofar da Ta Buɗe

Sashe na 73 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe alhakin sake duba iyakokin mazaɓun tarayya, da tazarar da ba ta gaza shekara goma ba. A Disamban 2022 kuwa Kotun Ƙoli ta umurci hukumar INEC da ta sake shata gundumomin zaɓe na yankin Warri, inda Ijo da Itsekiri da Urhobo suka daɗe suna ja-in-ja.

Kammalawa

Hukunci kaɗai ba ya wanke zukata, domin a Warri ma gardama ta ci gaba bayansa. Duk da haka gardamar lauyoyi ta fi ta adduna sauƙi. Bahaushe, Bakoro da Bagwari da suke cin kasuwa ɗaya a Kagarko sun cancanci sanin yadda aka shata mazaɓarsu, da kotun da za su nufa idan aka tauye musu haƙƙi. Aikinmu ne, mu malamai da ɗalibai, mu sanar da su.