Ranar da Koci Ya Ajiye Usur

A watan Mayun 2013 masu horar da ƙwallo biyu suka ajiye aiki a arewa maso yammacin Ingila. Na farko duniya ta san shi: Alex Ferguson, wanda ya riƙe Manchester United tun 1986. Na biyu, Jimmy Davies, ƙaramin kulob yake horarwa a birnin Liverpool mai suna Waterloo Dock, wanda shi da abokansa suka kafa a 1963. Shekara hamsin ya yi a bakin fili, kusan ninki biyu na shekarun Ferguson, kuma 'yan wasansa mutane ne masu sana'o'insu, suna buga ƙwallo a ƙarshen mako don sha'awa.

Duk wanda ya taso a Rijiyar Zaki, ko Kurna, ko Ɗorayi, ko Sheka, ya san irin wannan mutum ko da bai taɓa jin sunan Davies ba. Shi ne kocin unguwa. Shi ke sayen ƙwallo idan ta fashe, shi ke ɗinke raga, shi ke zuwa wurin mahaifi ya roƙi a bar yaro ya bi tawaga zuwa wasan waje, shi ke shiga tsakani idan wasa ya rikiɗe ya koma faɗa. Da rana tela ne, ko malamin firamare, ko bakanike. Da la'asar ya rataya usur. Tambayar da tarihin ƙwallon Kano ke jefowa ita ce: idan irin wannan mutum ya gaji ya koma gefe, me ke saura? Amsar da tarihin ya maimaita sau da yawa ba mai daɗi ba ce. Kulob a Kano yakan rayu ne gwargwadon numfashin mai riƙe da shi.

Ƙwallon ƙafa ta samu gindin zama a Kano ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, lokacin da cinikin gyaɗa ya jawo kamfanoni da ma'aikata daga kudu da ƙetare, aka kuma kafa Sabon Gari. Makarantun boko da ma'aikatun gwamnati da kamfanonin ciniki su ne suka fara tara matasa a ƙarƙashin riga ɗaya. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna a Legas, kuma shekara takwas a jere ƙungiyoyin Legas ke ɗauke shi. A 1953 tawagar Kano ta doke Lagos Dynamos da ci biyu da ɗaya, ta zama ta farko daga wajen Legas da ta ɗaga kofin. Wannan nasara ba ta zama tushen wani gini mai ɗorewa ba. Sai da aka shekara 66 kafin kofin ya sake kwana a Kano, a 2019, lokacin da Kano Pillars ta doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida a Kaduna.

A tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai Raccah Rovers. Sunanta ya samo asali ne daga gidan Raccah, zuriyar wani ɗan kasuwa da ya zo Kano daga Tarabulus ya yi ƙarfi a cinikin gyaɗa. A 1978 Rovers ta lashe gasar lig ta ƙasa, a zamanin da Rangers ta Inugu da Shooting Stars ta Ibadan ke cin karensu babu babbaka. A shekarar ce kuma ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele ya sa rigar baƙin. Amma kafin a shiga 1990 kulob ɗin ya zama labari. Ba shi da filin kansa da zai ci gaba da tara jama'a, ba shi da mambobi masu biyan kuɗi da za su ce nasu ne. Da hannun da ke ciyar da shi ya janye, sai ya kwanta.

Ita kanta Kano Pillars daga irin wannan rauni aka haife ta. A 1990, shekarar da Najeriya ta fara gasar ƙwararru, Alhaji Ibrahim Galadima ya jagoranci haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, ta hukumar ruwa da gine-gine ta jiha, da Kano Golden Stars, da ta Bankin Arewa. Biyu daga cikin ukun 'ya'yan ma'aikata ne, wato rayuwarsu na rataye da kasafin kuɗin wani ofis. Bankin Arewa ma kansa ya narke cikin Unity Bank a 2006. Pillars ta ɗore saboda gwamnatin jiha ta ɗauke ta, ta kuma ci lig a 2008, 2012, 2013 da 2014. Sai dai wannan ba warware matsalar ba ne, sauya uban gida ne: daga ɗan kasuwa zuwa gwamnati. Kulob ɗin unguwa ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Uban gidansa shi ne kocinsa.

Domin a fahimci abin da ke faruwa da irin wannan kulob a Rijiyar Zaki, dole a fara da ƙasa. Rijiyar Zaki tana yammacin birni, kan hanyar Gwarzo, a ƙaramar hukumar Ungogo. Tana cikin kewayen da masana irin su Michael Mortimore suka yi nazari a kai tun shekarun 1960, inda gonaki ke manne da juna, ba a barin ƙasa ta huta, ana noma ta kowace damina da taimakon takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Polly Hill ta yi bincikenta a Ɗorayi, maƙwabciyar wannan yanki, ta kuma wallafa shi a 1977. Abin da ta tarar shi ne jama'a sun yi wa ƙasa yawa, gona na ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba gado.

A irin wannan wuri babu fili marar mai shi. Filin ƙwallo aro ne. Bayan kaka, idan an yanke gero da dawa an kwashe kara, sai mai gona ya kawar da kai samari su kafa turaku biyu su share ƙasa. Da ruwan farko ya sauka, sai a tsige turakun a koma filin makaranta, ko a jira. Kakar wasa tana bin kakar noma. Kuma aron ba a rubuce yake ba. Mutunci ne tsakanin mai gona da wani mutum guda da ya yarda da shi, wanda zai tabbatar ba a karya masa darni ba, ba a zagi matan da ke wucewa ba, an tashi kafin magariba. Mutumin nan shi ne koci. Ranar da ya ajiye usur, yarjejeniyar ma ta tashi, domin da shi aka yi ta.

Sai kuma birni ya iso. Bayan Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ta kuma buɗe sabon matsuguni a kan hanyar Gwarzo, gonakin da ke tsakaninta da ganuwa suka soma komawa fuloti. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna, amma yawancin yankan da aka yi a gefen gari awon igiya ne: magada da dillalai su auna, su bar lungu, su sayar. Mai awon igiya ba ya ware wa ƙwallo wuri, domin filin wasa guda yana iya cin fuloti da dama. Gonar da ake aro duk rani sai a wayi gari an zuba mata bulo. Abin da ya rage shi ne filayen makarantun gwamnati, su ma ana cin gefensu da shaguna da sababbin azuzuwa, kuma kulob huɗu ko biyar na iya raba fili ɗaya, wasu da asuba, wasu da yamma.

Manoman wannan yanki sun san wani tsari da ya yi kama da kulob ɗin unguwa, wato gandu. Uba ne ke riƙe da gona, 'ya'ya na aiki a ƙarƙashinsa, shi ke raba hatsi, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure. Muddin yana raye gandu na tsaye. Idan ya rasu, sau da yawa 'yan'uwa kan rabu kowa ya ja nasa. Haka kulob yake. Manyan 'yan wasa biyu ko uku kowa na ganin shi ya cancanci usur. Ɗaya ya tafi da rigunan, ɗaya ya tafi da yaran layinsu, sunan ya rabu biyu, bayan shekara uku babu ko ɗaya. Bambancin shi ne gandu yana barin gona a raba. Kulob ba ya barin komai sai hotuna da kofuna a ɗakin tsohon koci.

Ba haka abin yake ƙarewa a ko'ina ba, kuma shekarar 2005 ta ba da misali biyu. A shekarar Roly Howard ya bar Marine, wani ƙaramin kulob a Crosby, gefen Liverpool. Tun 1972 yake riƙe da shi, ya jagoranci wasa 1,975, kuma sana'arsa ta yau da kullum wankin tagogi ce. Tafiyarsa ba ta rushe Marine ba. An kafa kulob ɗin tun 1894, yana da filinsa na Rossett Park fiye da shekara ɗari, yana da kwamiti da ma'aji da littafi. A Janairun 2021 Marine, tana mataki na takwas a tsarin lig na Ingila, ta karɓi baƙuncin Tottenham a gasar Kofin FA. An ci ta biyar da nema, kuma annobar korona ta hana 'yan kallo shiga, amma mutane sama da dubu talatin suka sayi tikitin da ba za su zauna da shi ba, don dai kuɗin ya shiga asusun kulob. Akwai asusun da za a zuba kuɗin, akwai kuma wanda zai ba da lissafinsa.

Misali na biyu a Faransa yake. A 1961 Guy Roux, yana saurayi ɗan shekara 22, ya karɓi Auxerre tana buga gasar yanki ta 'yan sha'awa. In ban da 'yan gajerun lokuta, shi ya riƙe ta har 2005. Ya kai ta babbar lig a 1980, ya ci lig da kofi tare a 1996, lokacin Taribo West na cikin masu tsaron bayansa. Abin da ya fi kofunan muhimmanci shi ne makarantar horar da yara da ya tsaya aka gina, wadda ta fitar da Eric Cantona da Basile Boli da Djibril Cissé. Auxerre ta sha wuya bayansa, ta faɗo daga babbar lig a 2012, amma ta koma a 2022. Filin da take wasa yana ɗauke da sunan limamin cocin da ya kafa ta a 1905 ya kuma samar mata da ƙasa. Roux ya yi gini ne a kan ƙasar da ba ta aro ba.

Howard da Roux ba su fi kocin Rijiyar Zaki haƙuri ko son yara ba. Abin da suka samu, shi bai samu ba, abu uku ne: ƙasa mai takarda, rajista, da tsarin da ke fitar da magaji tun mai riƙo na kan ƙafarsa. A cikin ukun, rajista ce ta fi sauƙi, ita ce kuma rashinta ya fi jawo asara a fili.

Tun 2001 dokokin FIFA suka tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, za a ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin a raba wa kulob-kulob da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi ɗaya. Wato kulob ɗin da ya riƙe yaro shekaru huɗun farko yana da kashi ɗaya cikin ɗari: idan an sayar da shi Yuro miliyan 10, rabonsa Yuro dubu 100, kuma ana sake biya duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki. Ba tatsuniya ba ce ga Kano. Daga Pillars Sani Kaita ya tafi Sparta Rotterdam a 2005. Daga Pillars Ahmed Musa ya tafi Holan a 2010 bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, a 2016 kuma Leicester ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 16. A 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris da ke bin tarihin rajistar ɗan wasa ta kwamfuta ya tura wa kowane kulob haƙƙinsa. Amma ofishin takarda yake karantawa. Kulob ɗin da bai yi rajista da hukumar ƙwallo ba, ko bai rubuta yaransa ba, a idon wannan tsari bai taɓa wanzuwa ba. Shekarun da koci ya yi yana koya wa yaro tarbar ƙwallo a kan burji sai su faɗa a sunan wata makarantar ƙwallo da ta karɓe shi daga baya ta cike fom.

Kano ba ta rasa wuraren baje kolin yara ba. Tana karɓar gasar Kofin Ramat ta matasa, wadda ake yi don tunawa da Janar Murtala Muhammad. Ta ga wasannin Kofin Duniya na matasa a filin Sani Abacha a 1999 da 2009. Abin da ya yi ƙaranci shi ne abin da ke ƙasa da wannan: filin da aka keɓe a tsarin unguwa tun kafin a yanka ta, da kulob da ke da shugaba daban, ma'aji daban, koci daban, da littafin da aka rubuta sunan kowane yaro da shekarar da ya shigo.

Saboda haka ranar sallamar tsohon koci ba ita ce ma'aunin aikinsa ba. A ranar za a yi wasan sada zumunta, tsofaffin ɗalibansa su zo daga nesa, a ba shi shadda da agogo, mai unguwa ya yi jawabi. Ma'aunin yana zuwa ne da rani na gaba, idan an kwashe kara daga gona. Idan wani ya je ya gaida mai fili aka amsa masa da sunan kulob, ba da sunan wanda ya tafi ba, kuma yara 'yan shekara goma sha biyu suka taru da la'asar aka rubuta su a littafi, to kocin ya bar gado.