Zauna A Gida, To A Wane Gidan?

'Yan'uwana mata, da annobar korona ta sauka a 2020, hukuma ta ce kowa ya zauna a gida. A watan Afrilu Gwamna Masari ya kulle Daura, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. To wadda mijinta ya daina fita nema, ga kuɗin haya ya ƙare, ina za ta zauna?

Ingila ta dakatar da korar 'yan haya tun watan Maris. Hukumar lafiyar Amurka ta bi sahu a Satumba, don wanda aka watso wa kaya waje ɗakin dangi zai cunkushe, cuta ta ƙara yaɗuwa.

Mu nan ba a yi dokar ƙasa ba. An dai dakatar da zaman kotuna a Maris, amma mai gidan da ke cire ƙyauren ɗaki ba ya jiran alƙali. Daga Karfi har Funtuwa da Malumfashi, 'yar haya sai dai ta dogara da tausayin mai gida da sa bakin mai unguwa.

Tausayi kuwa ba kowa ke da shi ba. Kafin wata annobar, majalisar jiha ta mayar da shi doka.