Daga Muryar Okonkwo Zuwa Bakin Amokachi

Mu a Romi ta Kaduna da kunne muka fara kallon ƙwallo. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Ranar wasa tun da safe zai shanya batira a kan kwanon ɗaki su sha rana, da yamma ya jingina rediyo da randa, maƙwabta su cika tabarma. A haka muka ji Najeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Legas, ta ɗauki kofin Afirka na 1980.

Mai sharhi a lokacin shi ne idon gari. Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya bai yi suna da taka leda ba, amma in ya kira kyaftin Christian Chukwu "Ciyaman", sai ka ga mutumin tsaye a gabanka, ƙirji a buɗe. Ya rasu a 1990.

Da dish ya shigo, gidajen kallo suka tsiro a lungunanmu, benci da janareto da allon da ake rubuta wasannin ranar da alli, sai sana'ar sharhi ta juya. Wanda ke gani da idonsa ba ya bukatar a gaya masa inda ƙwallo take. Dalili yake nema. Nan aka buɗe wa tsofaffin 'yan wasa ƙofa, har da kyaftin-kyaftin irin su Sunday Oliseh da Jay-Jay Okocha.

Ni dai nawa Daniel Amokachi ne, ɗan Kaduna. Yana yaro muke haye gada mu je kallonsa a Ranchers Bees, ƙungiyar da ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989. Daga nan sai Club Brugge, sai Everton, sai ƙwallon da ya zura wa Ajantina a wasan ƙarshe na Olamfik a 1996. A wajen sharhi, wasu na cewa zafinsa ya yi yawa, yana yi wa 'yan wasa faɗa kamar ƙannensa. Ai zafin nan nake so, don na wanda ya san ciwon filin ne. Rannan ina zaune a benci na biyu a gidan kallo, ya nuna mai tsaron baya da ya bar gurbinsa tun ƙwallo tana tsakiyar fili. Kafin ya rufe baki an bi ta wurin, raga ta motsa. Wani yaro kusa da ni ya dafa gwiwata ya ce, "Baba, ya aka yi ya sani?"