Filaskon Abzin da Geron Damargu

Filasko ƙaramin tsiro ne mai yaɗo a ƙasar da ruwan sama bai wadata ba, wanda masana tsirrai ke sanya shi cikin dangin da suke kira senna, kuma Hausawa sun daɗe da sanin ganyensa a matsayin maganin wankin ciki, wato abin da ake sha don ya saki cikin da ya ɗaure. Bayan damina ake tsinkar ganyen, a shanya shi a inuwa don kada rana ta ƙone korensa, sannan a jiƙa ɗan kaɗan a sha, wasu kuma sukan haɗa shi da tsamiya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ganye da ake wucewa a bakin gona ba a ko kallonsa ya taɓa zama hajar da ake ketara Sahara da ita har kantunan magani na Turai.

A shekarar 1788 wata ƙungiyar bincike da aka kafa a Landan a wannan shekarar ta tura Simon Lucas zuwa Tarabulus, inda ya tattara bayanai daga bakin fataken Fazzan, aka kuma buga su a 1790. Fataken sun shaida masa cewa filaskon da ake tsinka a duwatsun ƙasar Agadas, wato Abzin, ya fi na duwatsun Tibasti daraja da tsada, kuma ana kai shi Fazzan, daga can zuwa Tarabulus, sannan jiragen ruwa su ɗauke shi zuwa Liborno a Italiya da Marsai a Faransa.

Ganyen arewa yake nufa, amma ƙarfin da ke ɗaukarsa daga kudu yake fitowa. Lambunan Abzin ba sa iya ciyar da mutanenta, don haka a wancan zamani ayarin Kel Ewe, wato Abzinawan da suka riƙe hanyar Gat da Agadas da Kano, sukan gangaro Damargu su sayi gero, wanda shi ne guzurin masu raƙuma. Matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Damargu a watan Janairun 1851, ya lissafa Olelewa cikin manyan garuruwanta, ya kuma ga yadda rumbunanta ke ciyar da Abzin. Idan aka cire manomin Damargu daga wannan lissafi, babu ayarin da zai kai ko dami ɗaya bakin teku, amma abin takaici ne yadda littattafai suka adana farashin ganyen, ba su adana sunan mai tsinkarsa ko na mai noman geron ba.

Cinikin ya ja baya cikin ƙarni na 19, yayin da kasuwannin Turai suka dogara ga senna ta Masar da Sudan da kuma wadda ake nomawa a kudancin Indiya, fatake kuma suka karkata ga gashin jimina, wanda Damargu ta yi suna da shi. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, layin dogo ya isa Kano a 1911, hanyar Tarabulus kuwa ta mutu. Har yau kamfanonin magani na duniya suna sarrafa senna zuwa ƙwayoyi, kuma Indiya ce kan gaba wajen sayar musu da ganyen, filaskon Nijar kuwa yana tabarmar masu maganin gargajiya a kasuwannin ƙauye.