Yadda Aka Nemi Gyaran Mulkin En'e

Da aka ƙare yaƙin Hitila cikin 1945, sojanmu suka komo daga Bama da labari a bakinsu. Sun ga ƙasashe, sun kuwa ji ana cewa don 'yanci aka yi yaƙin nan. To, mutanen da suka sha tsadar gishiri da yadi, aka kwashi 'ya'yansu aikin tilas wajen haƙar kuza a Jos, sai suka zuba wa Gwamnati ido su ga tukuicinsu.

Abin da aka fara ba su shi ne tsarin Gwamna Richards, wanda ya soma aiki ran 1 ga Janairu 1947. Aka kafa majalisu biyu a Kaduna, ta Sarakuna da ta Wakilai. Amma ba talaka ya zaɓi wakilan ba, shawara kaɗai kuwa suke bayarwa. Tsarin da aka ce zai shekara tara, bai cika biyar ba Gwamna Macpherson ya sake shi cikin 1951.

Sai mu lura, 'yan makaranta, ba Kaduna ce ta dami manomi ba. Gwamnatin da ya sani ita ce dagaci mai karɓar haraji da jangali, da ɗan doka, da alƙali, watau En'e. A nan gizo ke saƙar. Cikin Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon malamin Midil ta Bauchi, ya miƙe a majalisa ya nemi a bincika mulkin En'e a gyara shi, domin iko ya taru a hannun sarki, jama'a ba su da ta cewa. Ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce. A watan nan kuma aka kafa NEPU a Kano.

Gwamnati ta motsa, amma tafiyar hawainiya. Cikin 1952 aka ce sarki ya daina yanke al'amari shi kaɗai, sai da majalisarsa, cikin 1954 aka yi sabuwar dokar En'e. Dalilin nawar ba ɓoyayye ba ne. Tun zamanin Lugga Turawan mulki 'yan kaɗan ne, ta hannun sarakuna haraji ke shigowa, ina za su girgiza ginshiƙin da ke riƙe da ɗakinsu? Kotuna da 'yan doka da gidajen yari suka zauna a hannun En'e har aka sami mulkin kai cikin 1960. Sai bayan da soja suka hau cikin 1966 aka karɓe su, ita kanta En'e kuwa ta kai 1976 kafin a maye gurbinta da ƙananan hukumomi.