Wutsiyar Ragon Layya da Daren Cika-ciki

A Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a cinye ragon layya duka a ranakun Babbar Salla. Uwargida takan ware wutsiya, wani lokaci har da kai da ƙafafu, ta busar, ta adana wata guda cur. A daren goma ga Muharram, watan da Hausawa ke kira Cika-ciki, sai a zuba su a miya, a tuƙa tuwo mai yawa. Tsofaffi sukan ce wanda bai ƙoshi ba a daren nan, da yunwa zai ƙare shekara.

Tarihin ranar ya haɗu da na Yahudawa. Da Annabi (SAW) ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, ya tarar suna azumtar Ashura don godiya bisa tsirar Annabi Musa da Bani Isra'ila daga Fir'auna, sai ya umarci Musulmi su azumce ta.

Su ma Yahudawa da abinci suke karantar da ƴaƴansu wannan tsira. A idin Fesak sukan ci gurasa marar yisti, domin kakanninsu sun bar Masar da gaggawa tun ƙullu bai kumbura ba. Ganye mai ɗaci yana tuna ɗacin bauta, ruwan gishiri hawaye. Gasasshen ƙashi kuwa yana tsayawa a madadin hadayar da ta yanke tun da Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus a shekarar 70. A idinsu na sabuwar shekara, Yahudawan Maroko sukan ci kan rago don tunawa da ragon da ya fanshi ɗan Annabi Ibrahim, wanda suke cewa Is'haƙ ne, galibin Musulmi kuma Isma'il. Musulmin Maroko su ma sukan ajiye wutsiyar layya har Ashura, kamar mutanen Adar.

Malamai da dama suna gargaɗin cewa azumi ne Sunna, cika-ciki al'ada ce. Haka ne. Amma al'adar tana da hikimarta: tana sada tsohuwar shekara da sabuwa a tukunya ɗaya, tana kuma koya tanadi a ƙasar da ta ɗanɗani yunwar 1973 da ta 1984. Ɗan Bayahude yana tambayar ma'anar kowace loma a daren Fesak, a ba shi amsa. Ɗan Bahaushe ma ya cancanci a faɗa masa dalilin ajiye wutsiyar nan, tun waɗanda suka sani suna raye.